Langar Kebbe da Ruwan Zogale

Ƙwal, ƙwal, ƙwal. Ƙarar murfin langa ce da ba a ɗaure da kyau ba, tana kaɗawa a bayan babur. Ina tsakar gida ina tsince wake na jiyo ta, tun kafin mai babur ɗin ya kashe inji ya yi sallama. Yarinyar da nake riƙo, ɗiyar wan mijina, lokacin tana 'yar shekara shida, ta ruga zaure ta dawo rungume da ƙunshi, tana tafiya murfin na ƙara a ƙirjinta.

"Umma, daga Kebbe ne. Kaka ta aiko. An ce ki ci."

"Shi ke nan saƙon?"

"Shi ke nan. Ki ci."

Na kwance tsohon ɗankwalin da aka ɗaure langar da shi, na ɗaga murfin. Soyayyen naman rago ne, yana ƙyalli, an malala masa man shanu har ya kwanta a gindin langar. Na mayar da murfin na zauna a kan turmi. Nan take na gane abu biyu. Na farko, surukata ta san ina da ciki. Na biyu, na shiga tsaka mai wuya.

Cikin bai ma fito ba, kuma ban da maigida ban gaya wa kowa ba. Amma da muka je Kebbe gaisuwar sallah, ana kaɗa miya a madafinta warin daddawa ya taso, na yi wuf na koma bayan rumbu kamar wadda ta tuna wani aiki. Da na dawo na tarar tana kallona ta gefen ido, tana murza goro a bakinta. A wurinmu ba a maganar cikin fari. Ke ba ki faɗa, su ba su tambaya, balle tsakanin suruka da matar ɗanta. Sai dai kwano ya yi ta zirga-zirga yana isar da abin da baki ya ji kunya.

Matsalar ita ce, na daɗe rabona da jan nama.

Tun ina makarantar sakandare nake fama da ciwon mara duk wata. Ba irin wanda ake shan ruwan zafi ya wuce ba. Irin wanda ke naɗe mutum a kan tabarma, ya sa amai, ya sa a rasa inda za a sa kai. Aka ce in na yi aure zai daina. Na yi aure, bai daina ba. Aka ce in na haihu zai daina, haihuwar kuma ta ƙi zuwa. Shekaru suka yi ta wucewa, ina zuwa sunan ƙawayena, ina goya 'ya'yansu, ina dawowa gida shiru. Mahaifiyata ta rasu ban kai ga aure ba, don haka ba ni da ɗakin da zan shiga in yi kuka a lallashe ni. Surukata ba ta taɓa yi min gori ba, Allah Ya saka mata. Abin da ta yi kawai, wata rana ta turo min jikarta da akuya a mota ɗaya, ta ce gidan ya yi shiru da yawa, ga masu hayaniya nan guda biyu.

Daga baya maigida ya kai ni Sakkwato, muka ga wata likita mai haƙuri. Bayan gwaje-gwaje ta kira min sunan ciwon da Turanci, endometiriyosis, sai da ta maimaita kafin harshena ya iya ɗauka. Ta ce wani nama ne mai kama da shimfiɗar cikin mahaifa yake tsirowa a wajen mahaifar, duk wata shi ma ya kumbura ya yi jini, ga shi ba shi da hanyar fita. Na yi hamdala a ranar, ba don daɗi ba, sai don abin da ya daɗe yana cin raina ashe yana da suna. Ta ba ni magani, daga baya aka yi min ɗan aiki. Ta kuma yi maganar abinci. Ta ce abinci ba ya warkar da shi, amma wasu mata suna samun sauƙi idan suka rage jan nama da soye-soye da kayan zaƙi, suka yawaita ganye da wake da kifi da 'ya'yan itace.

Ita ragewa ta ce. Ni na mai da shi dainawa. Na shiga wani zauren mata a waya, duk masu ciwo irin nawa, kuma kusan kullum sai wata ta zo da sabon abin da ta ce shi ke tayar da ciwon. Yau nono, gobe ƙwai, jibi biredi. Ni kuma duk wanda aka ambata sai in sallame shi daga madafina. Maigida, wanda malamin makaranta ne mai son tsokana, ya leƙa kwanona wata rana ya ce, "Idan anka ci gaba haka, ke da akuyar ga kwano ɗaya za ku riƙa ci."

Gaskiya kuma na samu sauƙi. Ko aikin ne, ko maganin, ko abincin, ko duk sun haɗu, Allah ne masani. Ciwon ya ragu har ina iya yin shara a kwanakin da a da ko tashi ba na yi. Sai ga ciki. A raina na ƙulla cewa wannan ƙa'idar abincin ita ta kawo shi, kuma ranar da na karya ta zai tafi. Ban taɓa faɗa wa kowa haka ba, don ni kaina na san in na furta ba zai yi daɗin ji ba. Amma haka na riƙe.

To ga langa a gabana. In mayar da ita, na wulaƙanta uwar mijina. In yi mata bayani, dole in ambaci jinin wata da mahaifa da ciki, abubuwa uku da gara in haɗiye harshena da in furta su a gabanta. Sai na kira yarinyar na ce ta ɗauko ƙaramin kwano.

Haka muka kafa tsari. Duk ranar kasuwa langa ta iso da ƙwal-ƙwal ɗinta. Yarinya ta ci rabonta, maigida ya dawo daga makaranta ya yi bismilla da sauran, yana cewa ai umarnin uwa ba a saɓa masa, ko da ba kai aka umarta ba. Ni kuma in wanke langar, in zuba dabino ko lemu ko sabulun wanki, don ba a mayar da kwano haka nan. Ina tsoron ƙarya, saboda haka saƙona ga mai babur ba ya canzawa: "Ka ce ina gaishe ta, an gode, an cinye tas." Ba na cewa wa ya cinye.

Nawa abincin kuwa zogale ne. Muna da itatuwansa biyu a bayan ɗaki, ina ji da su. Na ji a zauren waya cewa babu abin da ya kai shi ƙara jini, sai na riƙe shi hannu biyu. Ina dafa shi yadda na ga ana yi tun ina ƙarama, yadda kowace mace a unguwarmu take yi. A zage ganyen, a zuba a tukunya da ruwa mai yawa, a jefa kanwa don ya yi laushi, a bar shi ya daɗe yana tafasa. Sannan a tsane, a matse shi da hannu sosai, a kwaɗa da ƙuli-ƙuli da albasa. Ruwan da aka tsane, koren nan mai duhu, ba a sha, ɗaci gare shi. Ni kuma ba na son almubazzaranci, sai in bari ya huce in dama wa akuya dusa da shi. Kifi da ya kamata ya rufa min asiri, tun farkon cikin hancina ya ƙi shi, na bar shi. A wurin awon ciki an ba ni ƙwayoyin ƙarin jini, jajaye da 'yan ƙanana rawaya, ban taɓa fashin su ba. Kullum da safe nake haɗiye su da baƙin shayi mai kauri, wanda na maye gurbin kunun nono da shi.

Akuyar ita ma ta ɗauki ciki a wannan daminar. Gashinta ya kwanta ya yi sheƙi, har maƙwabta suna tambaya ko sayarwa za mu yi. Yarinya ta yi kumatu, rigar makarantarta ta fara kama ta. Maigida ya ƙara huda a bel ɗinsa. Ni kaɗai ce nake ɗagowa daga ruku'u in ga ɗakin ya yi duhu-duhu, sai na dafa bango. In na ɗebo ruwa daga randa zuwa madafi sai in ji zuciyata na bugawa a kunne. Wani abin kuma da ya ba ni kunya, sai na riƙa jin kwaɗayin ƙasa. In aka yayyafa ruwa a tsakar gida ƙamshin nan ya taso, yawuna ya tsinke. Na ce laulayi ne, kowa da irin nasa.

Malamar awonmu wata gajeriya ce mai faɗa da dariya a haɗe, 'yar Jabo. Ranar nan ta kalle ni, ta ja fatar idona ƙasa, ta juya tafin hannuna, ta tura ni a ɗebi jini. Da sakamakon ya dawo ta ture gilashinta bisa goshi.

"Baiwar Allah, jininki ya yi ƙasa ƙwarai. Kina shan maganin?"

"Kullum, Malama."

"Da mi?"

"Da shayi."

"Innalillahi. Mi kika ci?"

Na zayyana mata da alfahari. Zogale, wake, tuwon dawa, miyar kuka, zogale kuma. Ba nama, ba nono, ba ƙwai. Na gaya mata dalili. Ta saurara har ƙarshe, ba ta yi min dariya ba. Sannan ta ce in faɗa mata yadda nake dafa zogalen. Na faɗa.

"Ruwan fa, ina shika zuwa?"

"Akuya nika dama ma dusa."

"Akuyar lafiya take?"

"Ƙalau. Har ta yi ƙiba."

Ta kwashe da dariya har sai da matan da ke layi suka leƙo. Ta ce, "To ai ita ka yin awon, ke rakiya kika yi." Sai kuma ta tsuke fuska ta yi min bayani. Ta ce amfanin ganyen da yawa yana bin ruwan da nake zubarwa, kanwa da doguwar tafasa kuma suna lalata wani. Ta ce abin da ke gina jini a ganye, jiki ba ya ɗaukarsa da sauƙi kamar na nama da kifi, shayi kuma tare shi yake yi, har wanda ke cikin maganin. Lemu ko gwaiba ko ɗan tsami su ke taimaka masa ya shiga. Kwaɗayin ƙasar nan ma, in ji ta, sau da yawa alamar ƙarancin jini ce.

"Ki ji ni da kyau," ta ce. "Abin da ke cikinki daga jininki shika ci. Kuma ranar haihuwa kowace mace sai ta zubar da jini. Wadda ke da shi ta tashi ta yi wanka. Wadda ba ta da shi, sai mu fara neman wanda za shi ba ta, muna neman mota zuwa Sakkwato. Ba ni son haka gare ki, bayan wanga dogon jira. Ba na ce ki koma ma soye-soye ba. Amma ɗan nama, dafaffe, marar kitse, dole ki ci."

Na dawo gida. Na raba shayi da magani, na fara sha da ruwa da ɗan lemu. Na daina matse zogale. Amma nama na kasa. Langa ta zo, na ɗauki tsoka ɗaya har na kai baki, sai na tuna tabarma da kwalbar ruwan zafin da nake gasa mara da ita, na tuna shekarun shiru, na mayar. Maigida ya lallashe ni, ya yi faɗa, ya koma lallashi. A ƙarshe ya ce zai gaya wa Inna, haka muke kiran mahaifiyarsa. Na ce in ya gaya mata ba zan ƙara iya haɗa ido da ita ba. Shi ma ɗin kunyarta yake ji a irin wannan magana, sai ya fasa.

Ranar kasuwa ta zagayo, na ji ƙwal-ƙwal a ƙofar gida kamar kullum. Sai dai wannan karon langar da ƙafafunta ta shigo. Inna ce da kanta, ta sauko daga bayan babur tana dafe da ƙugu tana tsine wa ramukan hanyar Kebbe ɗaya bayan ɗaya. Ta ce ta zo kasuwa sayen gishiri. Kamar babu gishiri a Kebbe.

Na shimfiɗa mata tabarma a inuwar darbejiya, kusa da turken akuya, na durƙusa na gaishe ta, na kawo ruwa. Ta sha, ta dubi akuyar.

"Wagga akuya ta yi kyau. Mi kuka ba ta?"

Kafin in buɗe baki yarinya ta ce, "Ruwan zogalen Umma."

"Madalla." Ta jawo yarinyar ta lakaci kumatunta. "Ke kuma ƙawata, da kika baro Kebbe awa tsinken tsintsiya kike. Wanga kumatu fa, ina kika samo shi?"

"Naman Umma."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Inna ta saki kumatun a hankali. Ta dube ni tun daga fuska har farce, ta daɗe a kan leɓɓana.

"To," ta ce. "Gidan ga, dut wanda ba a aiko ma komi ba ya yi ƙiba."

Ta ciro kuɗin alawa daga bakin zane ta ba yarinya ta ce ta je shagon bakin titi, kada ta yi sauri. Muka rage mu biyu, da akuya. Na sunkuyar da kai ina jiran faɗa. Sai na ji ta gyara zama, ta juya min gefe, ta fuskanci akuyar, ta fara magana da ita.

"Ke baiwar Allah, ke da ke ɗauke da kaya. In an kawo miki abinci kika ƙi ci, mu masu kiwo ya za mu yi? Ko mun yi miki laifi?"

Na gane hanyar da ta buɗe min. Ba za ta iya tambayata ba, ni ma ba zan iya amsa mata ba, amma akuya ba ta da surukai. Na juya ni ma na kalli akuyar, wadda ke ta tuƙa ba ruwanta.

Na ce, "Ba ku yi mata laifi ba, Inna. Tsoro take ji."

"Tsoron mi?"

Sai na faɗa wa akuya komai. Ciwon, sunansa, likitar Sakkwato, abin da aka ce in rage da abin da na daina da kaina, da abin da malamar awo ta ce game da jini. Har wanda ban taɓa gaya wa maigida ba na faɗa, cewa ina jin in na ci nama, abin da Allah Ya ba ni zai koma. Ina magana hawaye na zuba, akuyar na kallona tana jiran ko dusa ce za ta biyo baya.

Inna ta ce, har yanzu idonta na kan akuyar, "Ciwon nan na san da shi. Shekarar da ta zo Kebbe ta naɗe bisa tabarma da kwalbar ruwan zafi, tac ce min ciwon kai na. Ni dai ban taɓa ganin kai a mara ba." Dariya ta kuɓuce min cikin kuka. Ta ci gaba, "Ta yi ta kiyaye abin da ka cutar da ita, wanga hankali na. Amma ɗa, Allah ka bayarwa. Zogale bai taɓa ba kowa ɗa ba, nama kuma bai taɓa ƙwace shi ba. Kada ta jingina kyautar Allah ga kwano."

Na yi istigfari a zuciyata. Maganar ta zauna daidai inda take ciwo.

Sai ta juyo ta dube ni kai tsaye, karo na farko tun da ta fara magana da akuyar. "Yaushe za ki koma ga malamar? Tare za mu."

Ta kwana biyu a gidanmu, muka tafi tare. Abin da ya faru a ɗakin awo ciniki ne irin na kasuwar dabbobi. Inna ta zauna ta harɗe hannu ta fara kare langarta.

"Man shanu shi ka sa ƙarfi."

Malama ta ce, "Kaɗan, Inna, a bakin cokali. Ba a yi wa nama wanka da shi ba."

"Hanta fa? Kowa ya san ita ka ƙara jini."

"Tana ƙarawa, amma ba a son mai ciki ta yawaita ta. Akwai abin da ke cikinta wanda in ya yi yawa yana taɓa ɗan. Tsoka ta fi."

"Nono?"

"Ta gwada kaɗan ta ga ko jikinta ya karɓa, tana buƙatarsa don ƙashi. Amma a tafasa madarar kafin a kwantar. Ƙwai ma a dafa shi ya dahu sosai."

Duk Inna ta haɗiye. Sai da aka zo kan kanwa ta tashi tsaye a magana. Ta ce ta haifi 'ya'ya ta aurar, ba ta taɓa jin an dafa zogale ba kanwa ba, ai sai ya kwana bisa wuta. Malama ta ce a tsinko sabon toho mai laushi, a zuba shi cikin miya gab da saukewa, ruwan da ganyen duk su shiga ciki ɗaya. Inna ta ce za ta gani. Da muka fito ta ce min yarinyar nan tana da baki, amma ba ta da wauta.

Da yamma ita ta shiga madafi. Ta sa aka sayo tsoka, ta yanke kitsen ta ajiye gefe tana tsaki, ta dafa da albasa da tumatir da ɗan riɗi, ta watsa tohon zogale a ƙarshe. Ta zuba min a kan tuwon dawa, ta matsa lemun tsami, ta koma can nesa ta juya baya tana lazimi, don kada in ji nauyin ci a gabanta. Yanka uku ne a kwanon, ƙanana. Na yi bismilla na ci na farko. Wallahi daɗinsa sai da ya sa na lumshe ido, na ji haushin kaina da na ji daɗin. Na zauna ina sauraren marata kamar mai jiran baƙo. Aka kira magariba, baƙo bai zo ba. Abin da ya zo wani ɗan motsi ne daga ciki, kamar an taɓa ƙofa da yatsa.

Inna ta koma Kebbe, langa ta ci gaba da zuwa, amma kayan ciki sun canza. Busasshen kifi ƙanana daga gulbi, irin wanda ake dakawa da ƙayarsa a zuba a miya, kuma cikin ikon Allah hancina ya sasanta da shi. Kindirmo a ƙaramar ƙwarya, wanda ta tsaya a kan Bafillatanar da ke kiwon shanunta sai da aka tafasa madarar a gabanta. Riɗi, ƙwan zabi, wani lokaci tsokar akuya ɗanya a nannaɗe cikin ganye don in dafa da kaina. Soye-soye da lemon kwalba da kayan zaƙi ban koma musu ba, kuma babu wanda ya ce in koma. Zauren waya na rage leƙa shi.

Ba kowa ya ji daɗin sabon tsarin ba. Maigida ya buɗe langa ya ga kifi ya ce an yi masa juyin mulki. Akuya ta shinshina dusar da aka dama da ruwan randa, ta ɗaga kai ta yi min wani kuka mai tsawo, na ba ta haƙuri. Duk da haka tagwaye ta haifa. Yarinya ce kaɗai ba ta yi ƙorafi ba. Ina lura da ita tana kallona in ina ci, ta matso min da kwanon in ya yi nisa.

Jinin bai hau da gudu ba. Awo na gaba Malama ta ce ya motsa. Na bayansa ta ja fatar idona ta ce, "Yauwa, ya fara ja. Ki gaishe min da akuya." Na daina dafa bango bayan ruku'u. Aka yayyafa ruwa a tsakar gida, na ji ƙamshin ƙasa, na wuce abina.

Na haihu a asibiti da hantsi, bayan an gama girbin gero. Namiji. Na zubar da jini, ya ɗan fi yadda suke so, na ga Malama na kai da kawo da sauri ba dariya. Amma ya tsaya, ba a nemi mota ba, ba a nemi mai ba da jini ba. Da ta zo duba ni daga baya ta ce, "Da da jinin wancan lokacin kika zo, da yanzu wata magana muka yi." Inna na zaune a bakin gado da jariri a cinyarta, ta yi kamar ba ta ji ba, tana ta tofa masa addu'a.

Kada in ɓoye, haihuwa ba ta kore ciwon ba kamar yadda aka yi min alkawari tun ina budurwa. Bayan na yaye shi ya dawo, wani watan da sauƙi, wani watan sai na nemi tabarma. Har yau ina ganin likita, har yau kwanona ganye ya fi yawa. Sai dai ruwan zogale ya daina zuwa turke.

Ranar suna gida ya cika. An yanka rago, mata na ta soya nama a bayan ɗaki, ƙamshi ya kai har bakin titi. Ni ina ɗaki an kawo min nawa dafaffe, Inna ce ta tsaya a kai. Can sai ga yarinya ta shigo da sabuwar atamfarta, hannunta ɗaya a dunƙule a baya. Ta tsaya a kan jariri tana kallonsa yana barci. Sannan ta buɗe hannun. Tsoka ce babba, rabonta, ko gutsura ba ta yi ba, mai ya ɓata mata tafi.

Na ce, "Ci abinki mana, yau ai akwai da yawa."

Ta girgiza kai, ta ɗora naman a kan murfin langar Kebbe da ke gefen gado.

"Nashi ne, Umma. Ki aje mai har shi yi haƙora. Na ci mai nashi da yawa."